Wa ke da hurumin cewa uwa ta iya tarbiyya? Fashin baƙi kan 'yan asalin Kanada da hukumar walwalar yara

Ƙidayar jama'ar da aka yi a Kanada a 2021 ta fito da wani adadi mai tayar da hankali. Cikin yaran ƙasar 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, kashi 7.7 cikin ɗari ne kacal 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, wato al'ummomin da Turawa suka tarar a wurin. Amma cikin yaran da hukuma ta raba da iyayensu ta ba wasu riƙo, kashi 53.8 nasu ne. A lardin Manitoba abin ya fi ƙamari, domin kusan tara cikin kowane yara goma da ke hannun hukuma 'ya'yansu ne. Mutanen nan rukuni uku ne a tsarin mulkin ƙasar: Al'ummomin Farko, irin su Cree da Ojibwe da Mohawk, sai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, sai Métis, waɗanda suka samo asali daga auratayya tsakanin 'yan ƙasa da Turawa masu fataucin fatu.

Idan hukumar walwalar yara ta buɗe wa gida fayil, akan miƙa wa iyaye jerin sharuɗɗan da za su cika kafin a bar musu ɗansu ko a mayar musu da shi. A nemi muhalli mai kyau, a je asibitin barin shaye-shaye in akwai wannan matsalar, a riƙa zuwa ganin yaro a ofis a gaban ma'aikaci, sannan kusan kullum a halarci ajin koyon tarbiyya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi kama da taimako, kuma a kansa ne 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna ƙorafi. Ba koyo suke ƙi ba. Tambayarsu ita ce tarbiyyar wa ake koyarwa, wa ke koyarwa, kuma wa ya raba su da tasu tun farko.

Amsar tambaya ta ƙarshe tana rubuce a takardun gwamnati. Daga shekarun 1880 gwamnatin tarayya ta haɗa hannu da majami'u, musamman Katolika da Angilika, ta kafa makarantun kwana domin 'ya'yan 'yan ƙasa. Yara kimanin 150,000 suka bi ta cikinsu kafin a rufe na ƙarshe a shekarun 1990. Akan ɗauki yaro yana shekara shida ko bakwai, a aske masa gashi, a raba shi da 'yar'uwarsa ko da makarantarsu ɗaya, a hukunta shi in ya yi magana da harshen uwarsa. Da yawa an yi musu duka da lalata, dubbai kuma ba su dawo gida ba. Wanda ya dawo yana saurayi, ya dawo ne bai taɓa zama ya ga yadda uwa ke rarrashin jariri ba, bai ga yadda kaka ke gyara wa jika kuskure ba tare da tsawa ba. Abin da ya sani shi ne ƙararrawa, layi da bulala. Ya yi aure ya haihu, aka zo aka ɗauki nasa. Akwai zuri'ar da aka yi wa haka kaka da uwa da jika a jere.

Makarantun ba su gama rufewa ba wata ƙofa ta buɗe. Gyaran da aka yi wa dokar Indiyawa, wato dokar tarayya da ke tafiyar da lamuran Al'ummomin Farko, a 1951 ya ba dokokin larduna damar aiki a keɓaɓɓun yankunan Al'ummomin Farko, sai ma'aikatan walwala suka fara shiga. Suka ga gidaje babu famfo, babu firji, yara na kwana ɗaki ɗaya da manya, suka rubuta sakaci. Abin da ya biyo baya shi ake kira kwasar shekarun sittin, ko da yake ta kai har shekarun 1980. An ƙiyasta yara akalla 20,000 aka kwashe aka ba iyalan Turawa, wasu har Amurka da Turai. A lardin Saskatchewan har tallar yaran aka riƙa yi da hotunansu a jaridu. Alƙali Edwin Kimelman, wanda ya binciki lamarin a Manitoba, ya kira shi kisan ƙare dangi ga al'ada a rahotonsa na 1985. Shekara talatin bayan haka, Hukumar Gaskiya da Sasantawa ƙarƙashin Murray Sinclair ta fitar da kiraye-kiraye 94, kuma biyar na farko duk kan walwalar yara ne. Hukumar ta ga cewa raba yara da gidajensu bai tsaya ba, ofishin da ke yi ne ya canza.

Saboda haka idan aka ce wata uwa 'yar Cree ba ta iya riƙe yaro ba, wani lokaci akwai gaskiya a ciki, kuma dattawan al'ummar ba sa musun haka. Sai dai hukumar da ta yanke igiyar da ilimin ke bi daga kaka zuwa jika ita ce kuma ta dawo da takardar jarrabawa a hannu. Wannan shi ne tushen rashin yarda, kuma duk shirin da bai fara da amincewa da wannan tarihi ba, da wuya iyaye su sake jiki da shi.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa, ita ce ta ma'auni. Kayan aikin da ake auna iyaye da su an gina su ne a kan gida mai uba da uwa da 'ya'ya, inda ake sa ran yaro ya shaƙu da mutum ɗaya fiye da kowa, ya kwana a gado ɗaya kullum, a sa masa lokacin barci da lokacin cin abinci. Al'ummomi da yawa na 'yan ƙasa ba haka suke renon yaro ba. Yaro kan yi mako a wurin kaka, ya ci abinci gidan inna, kawu ya tafi da shi kamun kifi, kuma ba wanda ke ganin uwar ta yi watsi da shi. Likitan ƙwaƙwalwa Clare Brant, ɗan Mohawk, ya yi bayani tun 1990 kan wata ɗabi'a da ta yaɗu a cikinsu, ta rashin tilasta wa mutum, har da yaro. Akan bar shi ya kalla, ya gwada, ya ga sakamakon abin da ya yi, a gyara masa da labari ko da zolaya maimakon umarni. Ma'aikacin da bai san wannan ba sai ya rubuta cewa uwa ba ta tsawatarwa. A wurin Inuit kuma akan sa wa jariri sunan wani dattijo da ya rasu, a riƙa kiransa da matsayin mai sunan, har uwa ta kira 'yarta da kalmar da take kiran mahaifiyarta. Suna da tsohuwar al'ada ta ba ɗan'uwa ɗa ya riƙe, yaron ya tashi ya san iyayensa na haihuwa, babu ɓoye-ɓoye. Dokar Nunavut, yankin Inuit da ke arewacin Kanada, ta amince da wannan riƙon.

Mai karatu Bahaushe zai gane haɗarin da sauri. A ce baƙo ya shigo gida da takardar auna shaƙuwa, ya tarar da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, yaron ma a ɗakin kaka yake kwana. Mu mun san alkunya ce, mun san son da ke ƙarƙashinta. Shi kuwa zai cika takardarsa da abin da idonsa ya gani, kuma a Kanada irin wannan takarda kan kai gaban alƙali.

Kotu ma ta taɓa ƙarfafa wannan ma'auni. A shari'ar Racine da Woods ta 1983, wata uwa 'yar asalin ƙasa daga Manitoba ta nemi a mayar mata da 'yarta bayan ta gyara rayuwarta. Kotun Ƙoli ta bar yarinyar a hannun masu riƙo, ta ce muhimmancin asali da al'ada yana raguwa gwargwadon yadda shaƙuwa da masu riƙo ke ƙaruwa. An daɗe ana kafa hujja da wannan hukunci. Idan aka haɗa shi da wa'adin da dokokin larduna ke sakawa, sai a ga tarkon a fili. A Ontario, alal misali, yaron da bai kai shekara shida ba ba a barinsa a riƙon wucin gadi fiye da wata 12 kafin a yanke makomarsa. Uwar da ke jiran gurbi a asibitin barin shaye-shaye ko a layin gidajen gwamnati tana iya cinye wannan wa'adin tana jira, kuma duk watan da ya wuce hujja ce a kanta.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan komai. Binciken da aka yi ta maimaitawa a Kanada ya nuna cewa babban dalilin da ke kai 'ya'yan Al'ummomin Farko hannun hukuma ba duka ba ne, sakaci ne, kuma a ƙarƙashin sakacin akwai talauci, cunkoson gida, shaye-shaye da rikicin ma'aurata. Cindy Blackstock, 'yar al'ummar Gitxsan, tare da Majalisar Al'ummomin Farko, ta kai ƙarar gwamnatin tarayya a 2007. A Janairun 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta yanke cewa gwamnati na nuna wariya. Abin da shari'ar ta bankaɗo shi ne yadda ake rabon kuɗin a lokacin: idan an ɗauke yaro, gwamnati na biyan duk abin da aka kashe wajen riƙonsa, amma kuɗin tallafa wa gida don kada a kai ga ɗaukewa ƙayyadadde ne, ya kuma daɗe ba a ƙara shi ba. Ma'aikacin da ke son yaro ya samu abinci da gado da likita, hanyar da aka buɗe masa ita ce ya raba shi da uwarsa. A 2023 Kotun Tarayya ta amince da diyyar sama da dalar Kanada biliyan 23 ga yaran da iyalan da abin ya shafa.

To, mene ne tallafin da ya tsiro daga al'ada, kuma da me ya bambanta da ajin da aka saba? Mafi sauƙin nau'insa shi ne darasin da 'yan ƙasa suka tsara da kansu. A Amurka ƙungiyar NICWA mai kula da walwalar yaran 'yan asalin ƙasar, da ke birnin Portland, ta fito da wani tun shekarun 1980, zama takwas, kuma ana amfani da shi har a Kanada. Ana tattauna hikimar mai ba da labari, da darasin allon goyo da ake ɗaure jariri a kai, da yadda magabata ke yabon yaro, sannan a ƙarshe a bar iyaye su zaɓi abin da za su ɗauka daga tsohuwar hanya da sabuwa. A Nunavut cibiyar binciken lafiya ta Qaujigiartiit ta tsara shirin Inunnguiniq daga abin da dattawan Inuit suka faɗa game da renon yaro, kuma mutanen gari ake horarwa su jagorance shi. Akwai kuma shirin fara karatu na ƙananan yara 'yan ƙasa da gwamnati ta soma a birane a 1995, a keɓaɓɓun yankuna a 1998, wanda ya sa harshe da al'ada da shigar iyaye cikin ginshiƙansa. Abin da ya haɗa su shi ne mafari. Ajin hukuma yana farawa daga abin da uwa ta kasa. Waɗannan suna farawa daga cewa mutanenki sun iya reno shekaru aru-aru, an ƙwace muku ne, zo mu karɓo. Uwar da ta shigo kanta a sunkuye, wannan bambancin ba ƙarami ba ne a wurinta.

Amma shirye-shiryen da suka fi burge ni su ne waɗanda suka wuce aji suka taɓa yadda ake yanke shawara. A birnin Winnipeg akwai cibiyar Ma Mawi Wi Chi Itata, wadda 'yan ƙasa suka kafa a 1984. Tana gudanar da taron dangi, hanyar da ta koyo daga Maori, 'yan asalin Niyu Zilan, inda doka ta amince da ita tun 1989. Ana nemo duk wanda ke da alaƙa da yaron, kakanni na ɓangaren uwa da na uba, gwaggo, kawu, aminan gida, wani lokaci a biya musu kuɗin mota daga garuruwa masu nisa. Ma'aikacin hukuma ya faɗi abin da yake tsoro game da yaron, ƙarara. Sannan duk ma'aikata su fita, a bar dangi su kaɗai. Su za su fito da tsari: wa zai riƙe yaron in uwar ta tafi jinya, wa zai riƙa leƙo gidan, wa za a kira da tsakar dare in abu ya taso. Hukuma na da ikon ƙin tsarin in bai kare yaron ba, amma ba ita ta rubuta shi ba. Dangi sun san abin da fayil bai sani ba, sun san kawun da ba za a bar yaro da shi ba, sun kuma san gwaggon da maganarta ke shiga kunnen uwar.

Al'ummar Cree ta Nisichawayasihk a arewacin Manitoba ta yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali. Tun farkon shekarun 2000 suka tambayi kansu, me ya sa yaron da bai yi laifin komai ba shi za a fitar daga gida da dare da kayansa a leda? Da yake gidajen yankin mallakar al'umma ne, majalisarsu ta ba da ikon a fitar da iyayen na ɗan lokaci in shaye-shaye ko faɗa ya sa gidan ya zama haɗari, a kawo kaka ko wani amintacce ya zauna da yaran. Yaro ya kwana a gadonsa, ya je makarantarsa, ya ga abokansa. Iyaye kuma su je neman lafiya da shawarar dattawa, sannan su dawo. Hukumar yaran Métis a Manitoba ta bi wata hanyar mai kama da wannan, inda ake ɗaukar uwa da ɗanta tare a kai su gidan riƙo, ta koyi reno a hannun wadda ta iya, yaron yana jikinta. Duk waɗannan sun ɗauki iyali gaba ɗaya a matsayin wanda ke buƙatar jinya.

Akwai wani abu da ya daɗe yana rushe irin wannan ƙoƙarin. Larduna da yawa sun kasance suna aika wa asibitoci sanarwa a asirce game da mace mai ciki da suke zargi, musamman wadda ita ma a hannun hukuma ta tashi. Ta haihu, a zo a ɗauki jaririn cikin kwana ɗaya ko biyu. Hukumar binciken kisa da ɓacewar matan 'yan ƙasa ta nemi a daina a rahotonta na 2019, lardin British Columbia ya daina a shekarar, sauran suka biyo a hankali. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mata sun koyi ɓoye ciki, sun koyi ƙin zuwa awo, sun koyi cewa neman taimako shi ne tona wa kai asiri. Shi ya sa wanda ke riƙe da shirin yake da muhimmanci kamar abin da ke cikinsa. Uwa ba za ta ce "na gaji, jiya na kusa dukansa" a gaban wanda take tsoron zai rubuta ba, alhali wannan furucin ne ƙofar gyara. Doka ta wajabta wa kowa ya kai rahoto in yaro na cikin haɗari, har da ma'aikatan cibiyoyin 'yan ƙasa. Masu aikin da gaskiya kan faɗa wa iyaye hakan tun ranar farko, su kuma yi alƙawarin cewa in ta kama a kira hukuma, a gabansu za a kira, kuma za a raka su.

Kada a ɗauka cewa al'ada na wanke kowane laifi. Phoenix Sinclair 'yar shekara biyar ce lokacin da mahaifiyarta da mijin mahaifiyar suka kashe ta a Manitoba a 2005, bayan hukuma ta rufe fayil ɗinta ba tare da an ga yarinyar ba, kuma aka yi watanni ba wanda ya san ta mutu. Akwai yaran da dole a fitar da su, kuma dattawan da suka binne jikoki sun fi kowa sanin haka. Amma hannun hukuma ma ba mafaka ba ne kullum. Tina Fontaine tana ƙarƙashin kulawar hukuma, an ajiye ta a otal a Winnipeg, lokacin da ta ɓace aka tsinci gawarta a kogin Red a 2014, tana shekara 15. Duk wanda ya yi magana kamar ɓangare ɗaya ne kawai ke da haɗari bai yi wa yaran adalci ba.

Akwai kuma haɗarin kwaskwarima. Abu ne mai sauƙi a ɗauko darasin da aka rubuta a wata jami'a, a sa hoton gashin gaggafa a bango, a kira dattijo ya yi addu'ar buɗewa, a ce an shigar da al'ada. Iyaye na gane wannan nan take. Kuma 'yan ƙasar ba al'umma ɗaya ba ne. Al'ummomin Farko kaɗai sun haura 600, harsuna sun fi 70, mafi yawansu kuma ba a keɓaɓɓun yankuna suke zaune ba. Abin da ya dace da Inuit ba lallai ya dace da Mohawk ba. Wasu iyayen Kiristoci ne da ba sa son bukukuwan gargajiya, wasu kuma sun tashi a gidajen Turawa ba su san ko kalma ɗaya ta harshensu ba, suna jin kunyar a gane. Shirin da ya mayar da al'ada wata sabuwar jarrabawa ya koma gidan jiya. Masu ba da kuɗi su ma suna da nasu ma'aunin: sun fi sakin jiki da shirin da aka gwada a kan dubban iyalai, irin shirin koyar da tarbiyya na Triple P daga Ostireliya, alhali shirin ƙaramin gari ba shi da yawan mutane ko kuɗin yin irin wannan gwajin. Sai a riƙa ba shi tallafin shekara-shekara, ma'aikaciyar da iyaye suka fara yarda da ita ta tafi neman aiki mai ɗorewa.

Dokar tarayya kan yara da iyalan 'yan ƙasa, da aka fi sani da C-92, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ta yi ƙoƙarin taɓa tushen. Ta ce ba za a ɗauke yaro don talauci ko rashin muhalli kaɗai ba. Ta ce riga-kafi ne a gaba, har tun yaro na ciki. Ta jera waɗanda za a fara nema in dole a raba shi da gida: ɗaya daga iyayensa, sai dangi, sai mutanen al'ummarsa, sai wani ɗan ƙasa, kafin kowa. Mafi girma, ta amince cewa al'ummomin na da hurumin kafa dokarsu ta yara, wadda za ta iya rinjayar ta lardi. Al'ummar Cowessess a Saskatchewan, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Cadmus Delorme, ita ce ta fara sa hannu kan yarjejeniya da gwamnatin tarayya da ta lardi ƙarƙashin wannan doka a Yulin 2021, makonni kaɗan bayan ta sanar da gano alamun kaburbura 751 marasa suna kusa da tsohuwar makarantar kwana ta Marieval. Lardin Quebec ya ƙalubalanci dokar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Fabrairun 2024.

Sai dai dokar ba ta ƙayyade kuɗin da za a bayar ba, kowace al'umma sai ta zauna ta yi ciniki da tarayya da lardi, kuma waɗanda suka kai ga gudanar da dokarsu har yanzu 'yan kaɗan ne. A Oktoban 2024 shugabannin Al'ummomin Farko, a taronsu na Calgary, suka ƙi amincewa da tayin dala biliyan 47.8 na shekara goma don gyara tsarin. Daga cikin dalilansu akwai cewa kuɗin na da ranar ƙarewa, kuma ba su gamsu da wanda zai sa ido a kan yadda za a tafiyar da shi ba. Wanda ya ji adadin daga nesa zai yi mamakin a ƙi irin wannan dukiya, amma mutanen da suka kai gwamnati kotu a 2007 suka jira shekara tara kafin hukunci, sannan kotun ta yi ta fitar da umarni a kan umarni don a bi hukuncin, suna da dalilin neman a rubuta musu abin da zai faru a shekara ta goma sha ɗaya.